Filin Likitar Dabbobi: Kyanwa Tana Lasar Duk Abin Da Ta Taka

Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar sinadaran goge-goge masu ƙarfi, irin waɗanda ake sayowa a jarka ko kwalba a riƙa ɗiba ana sirkawa da ruwa. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ni matar aure ce a Gyaɗi-Gyaɗi, Kano. Ina da yara uku da kyanwa ɗaya da muka raina tun idonta bai buɗe ba. Saboda tsadar kaya na daina sayen ƙananan kwalabe, yanzu jarka guda nake saya wajen wata mai haɗa sabulun ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin mai komawa fari kamar madara idan an zuba a ruwa. Kwanan nan na lura duk ranar da na goge tayil sai kyanwar ta yini tana dalalar da miyau, ta ƙi abinci. Daga sinadarin ne? Wanne zan saya wanda ba zai cutar da ita ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ruwa ba ya tsami banza. Daga yadda kika kwatanta, zatona ya fi ƙarfi a kan sinadarin, kuma ina roƙonki ki dakatar da shi tun yau.

Ke da kanki kika ba ni alamar: yana komawa fari idan ya haɗu da ruwa. Galibin masu yin haka suna ɗauke da wani sinadari mai suna finol ko danginsa. Izal ɗan wannan gida ne. Dettol mai ruwan ƙasa-ƙasa ma haka, abin da ke aiki a cikinsa shi ne kuloroksailinol, kashi 4.8 cikin 100, ga kuma man itacen fayin a ciki. Na haɗin gida kuwa, irin wanda ake koya wa mata a wuraren koyon sana'a, da tsagwaron finol ake yinsa, a ƙara man fayin da turare da abin sa fari. Duk suna kashe ƙwayoyin cuta, ban musa ba. Jikin kyanwa ne ba ya iyawa da su.

Dalilin yana cikin hanta. Hantar mutum da ta kare suna da wani sinadari da ke kama finol, ya ɗaure shi, ya mayar da shi abin da zai bi fitsari ya fita. Ita kyanwa Allah Ya yi ta mai cin nama zalla, kuma wannan sinadari kaɗan ne ƙwarai a hantarta. Abin da jikinki zai fitar cikin sa'o'i sai ya zauna a nata, na yau ya tarar da na jiya. Wannan ne ma ya sa ƙwayar farasitamol ɗaya tak take iya kashe kyanwa. Na faɗa ne don na san tausayi yana sa a ɓalla mata rabi idan an ga ba ta da lafiya. Don Allah kada a yi.

Sannan ki tuna halinta. Ke kina tafiya da silifas, ita da tafin ƙafarta take taka tayil. Da ta samu wuri ta zauna, sai ta ɗaga ƙafa ta shiga lasa, ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta shafo fuska, ta koma ciki. Duk abin da kika bari a ƙasa, a bakinta zai ƙare.

Akwai wani muzuru da ba na mantawa da shi. A tsakiyar zafin bazara aka kawo mini shi, wani yaro ya rungumo shi cikin tsohon zane, mahaifiyarsa tana biye. Tun kafin a buɗe zanen warin maganin ya cika ɗakin. Ashe murfin jarkar da ke sito ne bai rufu sosai ba, ta karkace, ta yi ta ɗiga, shi kuma yana neman wuri mai sanyi ya je ya kwanta a jiƙaƙƙen siminti. Da na buɗe bakinsa, gefen harshen ya yi fari kamar an ɗiga masa tafasasshen ruwa, gashin haɓarsa ya jiƙe da miyau, ƙafafun baya suna rawa. Na sa safar hannu muka wanke shi da sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗumi, muka sake, muka sake, har warin ya ragu. Aka sa masa ruwa ta jijiya. Kwanaki yaron nan yana zuwa bayan makaranta yana ba shi romo da sirinji, ɗigo-ɗigo, don harshen ba ya iya lasa. Ya rayu, alhamdu lillahi. Amma abin da na riƙe daga ranar shi ne, wanda ba a sirka ba, na cikin jarka, ya fi na cikin bokiti haɗari nesa ba kusa ba.

To me za ki saya? Zan fara da abin da masu shago ba za su so ji ba. Gugar yau da kullum ba ta buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sabulun wanke-wanke kaɗan a bokitin ruwa, a goge, a bi da ruwa mai tsabta, ya wadatar da falo da ɗakin kwana. Sabulu yana ɗaga datti da maiƙo, yawancin ƙwayoyin cuta kuma su tafi tare da shi. Mun saba ɗaukar wari mai hawa kai a matsayin shaidar tsabta, alhali tsabta ba ta da wari.

Inda ake buƙatar ƙarin ƙarfi, kamar banɗaki, ko wurin da yaro ya yi amai ko gudawa, ko inda kyanwar ke bahaya, ni bilic nake zaɓa, irin su Hypo da Jik. Mutane suna mamaki in na faɗi haka, don sun san yana cin zane. Gaskiya ne tsagwaronsa yana ƙona baki da fata. Sai dai idan an auna shi, an ɗauraye, wurin ya bushe, ba ya barin irin dafin da finol ke bari. Na kasuwarmu galibi ƙarfinsa kashi 3.5 cikin 100 ne, za ki ga an rubuta a jiki. Ma'aunin da nake ba mutane ba ya buƙatar sikeli: cokalin cin abinci ɗaya a ruwan leda ɗaya na fiya-wata, wato mililita 15 a rabin lita. A bokiti mai lita 10, cokali 20 ke nan. Ruwan sanyi za ki sa, ba na zafi ba. Ki fara wanke wurin da sabulu, don datti yana kashe ƙarfin bilic. Ki shafa, ki bar shi minti 10, ki ɗauraye da ruwa zalla, ki buɗe taga. Kyanwa tana wani ɗaki a rufe har ƙasa ta bushe ƙayau. Wannan rufewar kada ki yi wasa da ita, domin akwai kyanwoyin da warin bilic ke jan su, su zo suna birgima a kai suna lasa. Abin da ya rage a bokiti ki zubar a masai. Wanda aka sirka ba ya kwana da ƙarfinsa, gobe sabo za ki haɗa.

Idan kin tsaya gaban kanta, ki juya kwalba ki karanta bayanta. Ki nemi lambar NAFDAC, da jerin abin da ke ciki, da ma'aunin sirkawa. In kin ga kalma mai ƙarewa da phenol ko xylenol, ko cresol, ko an ambaci man fayin, ki mayar da ita inda kika ɗauko. Akwai kuma wani da ake kira benzalkoniyam, yana cikin da yawa daga ruwan goge ƙasa da na feshi masu ƙamshi. Shi ba ya komawa fari a ruwa, don haka gwajin madara ba ya kama shi, amma yana ƙona harshen kyanwa, kuma alamarsa takan jinkirta sa'o'i kafin ta bayyana, har a manta an yi guga. In dole sai da shi, a bi ma'aunin da aka rubuta daidai, a ɗauraye, a bari ya bushe.

Game da mai haɗa miki kuwa, ba na son ki ɗauke ta mai laifi. Sana'a take yi, kuma da yawa daga matanmu da ita suke riƙe gida. Matsalar ita ce jarkar ba ta da rubutu, ba ki san nawa aka zuba ba, haɗin wannan mako zai iya fin na wancan ƙarfi. Ki tambaye ta da mutunci me take sakawa. Sabulun ruwanta za ki iya ci gaba da saya muddin ba ya saɓule miki fatar hannu. In yana yi, kostik soda ta yi yawa, kuma abin da ya ci hannunki zai ci tafin ƙafar kyanwa. Ki ce mata kuma ta bar sa fomalin, wato sinadarin da ake zubawa don kada sabulu ya lalace, a naki.

Ajiya: sama, a kabad mai rufewa, a tsaye, murfi a ɗaure. Kada a juye a gorar lemo ko ta ruwan sha. Wannan don yaranki uku ne kafin kyanwa.

Yanzu dai ki duba bakinta da hasken waya. In akwai gyambo ko fari-fari a harshe, ko tana rawar jiki, ko ta cika yini guda ba ta ci ba, ki kai ta asibitin dabbobi, ki tafi da jarkar. Kyanwa ba ta jure kwanaki babu ci, hantarta ce ke taɓuwa. Kafin ku fita ki wanke ƙafafunta da sabulun wanke-wanke da ruwa mai yawa. Kada a tura mata yatsa ko ruwan gishiri don ta yi amai, abin da ya ƙona hanya wajen shiga zai sake ƙona ta wajen fita. Manjan da aka saba ɗurawa ma a bari, yana iya sarƙe ta ya wuce huhu. Manzon Allah (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. Tun da haka ne, ƙasan da take kai-komo a kai amana ce a hannunki. Allah Ya ba ta lafiya.

Tambaya: Dakta, ni ɗalibi ne a Katsina, ina kiwon tattabaru a bayan ɗakinmu. Ranar Asabar na ce bari in yi wa ɗakinsu wanki na musamman, sai na haɗa bilic da sinadarin wanke masai a bokiti ɗaya don ya fi ƙarfi. Ni kaina sai da na yi ta tari idona yana hawaye. Kafin la'asar 'yan shila biyar sun mutu, manyan kuma suna buɗe baki suna haki. Me ya faru?

Amsa: Ɗana, Allah Ya mayar maka da alheri, kuma ka gode Masa da kai ka fita lafiya. Abin da ka haɗa a bokitin nan iskar kulorin ce. Sinadaran wanke masai, irin su Harpic shuɗin nan, galibinsu asid ne mai ƙarfi. Da asid ya taɓa bilic sai kulorin ya tashi. Ita ce iskar da aka saki a kan sojoji a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu da rabi, don haka ƙasa take kwanciya. Kai kana tsaye, kuma ka iya gudu. 'Yan shila suna kwance a gurbi.

Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne. Bayan huhu yana da jakunkunan iska, tara a yawancin tsuntsaye, waɗanda ke tura iska ta ratsa huhun ta hanya ɗaya ba tsayawa, ko yana shaƙa ko yana fitarwa. Wannan ne ke ba tattabararka ƙarfin yin shawagi mai tsawo, shi ne kuma ke sa guba ta shige ta da sauri. Masu haƙar kwal a Ingila sun daɗe suna shiga rami da kanari a keji saboda haka, in ya faɗi sun san iska ta ɓaci. Sai a 1986 aka daina.

Manyan da suka rage ka fitar da su inuwa mai iska, ka ajiye musu ruwa mai tsabta, ka daina kama su kana dubawa. Duk wadda hakinta bai lafa ba zuwa gobe, likita ya gan ta. Kai ma in tarin bai sake ka ba, ko ƙirjinka ya yi nauyi, ka je asibiti, kada ka jira.

Nan gaba ga yadda za ka yi. Ka kwashe tsuntsayen duka tukuna. Ka yayyafa ruwa a kan kashin don kada ƙura ta tashi, ka rufe hanci, ka kankare shi tas. Wannan kankarewar ita ce rabin aikin, kuma dole ce, domin tsohon kashin tsuntsu yana fitar da amoniya, ita ma in ta haɗu da bilic wata iska mai cutarwa take bayarwa. Sai wanki da sabulu, ɗauraya, sannan bilic a ma'aunin da na ba Hajiya a sama. Ka bar ƙofa a buɗe rana ta daki wurin, sai ka shiga ka ji babu wari kafin ka mayar da su. Kaskon ruwansu da na tsaba ka ɗauraye sau biyu.

In kana da hali, je shagon magungunan dabbobi ka tambayi Virkon S. Gari ne da masu gidan kaji ke amfani da shi, giram 10 a lita ɗaya, ruwan ya koma ruwan hoda. Idan launin ya fara kodewa ƙarfinsa ya tafi, yawanci cikin mako guda. Shi ma garinsa yana cin hanci da ido, a waje za ka haɗa. Kuma kowane iri ka ɗauka, ruwa kaɗai za ka zuba masa.

Tun da kana kiwo, bari in ƙara: na san ana yayyafa fiya-fiya ko Sniper a ɗakin tsuntsaye saboda ƙuma da kuɗin cizo. Sinadarin cikinsu, dikulobos, maganin ƙwarin gona ne, yana taɓa jijiyoyi. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna don amfanin cikin gida. Kada ka kai shi kusa da su.

Tambaya: Anti Dakta, ni amarya ce a Kaduna, mijina yana da aku, ni kuma na taho da magena daga gida. Na ga wani ruwan guga a intanet, ɗan ƙaramin kwalba da ake ɗigawa a bokiti, an ce daga tsirrai aka yi shi, har da hoton kare da kyanwa a jiki. In saya? Sannan turaren mofin, wato na goge ƙasa, da turaren wuta fa?

Amsa: Amarya, Allah Ya ba da zaman lafiya. Hoton kyanwa a jikin kwalba talla ce, jerin kayan da ke bayanta shi ne magana. Daga tsirrai aka yi ba ya nufin ba ya cutarwa, tumfafiya ma tsiro ce. Irin waɗannan ƙananan kwalabe sau da yawa tataccen man ƙamshi ne, na itacen turare, ko fayin, ko ɓawon lemo, ko kanumfari, ko wanda ake kira man itacen shayi. Duk waɗannan hantar mage tana wahala da su kamar yadda take yi da finol. Ki ce wa mai sayarwa ta turo miki hoton bayan kwalbar. In ta ce sirrin kamfani ne, ki riƙe kuɗinki.

Ba zan ce amarya ta bar ƙamshi ba, ni ma gidana ba ya rabuwa da kasko. Amma turaren mofin mai ne, yana zama a kan tayil bayan ruwa ya bushe, daidai inda mage ke kwanciya. Ki mayar da ƙamshin sama, a labule da tufafi, ƙasa kuma ki bar ta da sabulu da ruwa. Turaren wuta ki fitar da kejin aku baranda kafin ki zuba a garwashi, kada ki dawo da shi sai hayaƙin ya washe. Feshin ɗaki da maganin sauro ma haka. Ƙwallayen kafur da ake jefawa bayan kujera da banɗaki ki tsince su, mage tana ɗaukarsu abin wasa.

Ruwan khal da bekin soda da kika ji ana yabo suna da kyau wajen gilashi da cire ƙarni, amma ba su isa wurin da mara lafiya ya ɓata ba. Kuma khal asid ne, kada ya haɗu da bilic.

Tambaya: Likita, gaisuwa daga Maraɗi. Ni dattijo ne, ina da awaki da kaji a tsakar gida. Iyali suna wanke makewayi da girezil da jabel, ruwan yana bin rariya ya taru a bakin ƙofa, kaji suna sha. Akwai illa?

Amsa: Ranka ya daɗe, Baba, akwai. Girezil ɗin da kuke amfani da shi a Nijar ɗan'uwan Izal ne, daga kirizol aka yi shi, shi ya sa shi ma yake fari a ruwa. Jabel kuma shi ne bilic ɗinmu. A wajenku wani lokaci da digiri ake rubuta ƙarfinsa, mai 12 ya yi kusa da namu na kashi 3.5, don haka cokali ɗaya a rabin lita ya yi. A gaya wa iyali su riƙa amfani da ɗaya kawai a rana, kada a gauraya.

Abin da ya fi damuna shi ne tafkin nan na bakin ƙofa. Kaza ba ta zaɓen ruwa, akuya mai ƙishi a watan Afrilu ma haka. Ka sa yara su haƙa rami a ƙarshen rariyar, zurfin kamu biyu ko uku, nesa da rijiya, a cika shi da duwatsu da tsakuwa, a rufe da faifan siminti ko tsohon kwano, ruwan ya riƙa nutsewa a ciki. Ranar wankin makewayi a fara cika wa dabbobi kwatarniyarsu da ruwa mai kyau tun da safe, kajin kuma a bar su a akurki har ƙasa ta tsotse. Sauran tsakar gida, inda awaki ke kwana, shara da tsintsiya da barbaɗa toka a wurin da ya jiƙe sun isa, girezil ya tsaya a ramin masai.